Yelwa Ungozoma da Zabuwar Gida Arba'in

Duk wanda aka haifa a Zongon Yamai cikin shekarun da tutar Faransa take shirin sauka, in ya duba cibiyarsa, aikin Yelwa yake kallo. Ita ta yanke ta. In cibiyar ta kwanta daram, sai ta ce hannunta ne. In kuwa ta turo waje kamar bakin tulu, ta ce gadon dangin uba ne, ita ba ruwanta.

Bagobira ce daga wani ƙauye kusa da Tibiri, da zanenta tun daga gefen baki har kunne. Aure ya kawo ta Yamai. Mijinta Mamman tela ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, wanda a shekara ashirin na zamansu ba a taɓa jin ya kai ƙarshen magana ba, domin kafin ya je tsakiya Yelwa ta ƙarasa masa. Da Allah ya karɓi abinsa, dangi suka aiko ta koma gida. Ta ce ta koma ta bar matan Zongo a hannun wa? Ta yi zamanta, tana karɓar haihuwa, tana wankan jego, tana raba faɗan da rabinsa ita ta haɗa.

Sai dai bakin nan mai kaifi yana da wurin da yake dakushewa. Yelwa ta haifi bakwai, uku suka tsaya. Sauran huɗun hanya ɗaya suka bi: lafiya lau suna goye, da an yaye sai ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafa ta koma kamar sillen kara. Ba ta cika ba da labarinsu ba. Amma in ta shiga gida ta ga yaro ya ɗauko wannan kama, sai ta yi tsit, kuma duk Zongo an san cewa shirun Yelwa ba alheri ba ne.

Shekara biyu da samun mulkin kai, cikin bazara, aka ji cewa hukumar lafiya za ta buɗe gidan awon yara: wurin da za a riƙa auna jarirai duk mako, a ba su madara, a koya wa uwaye kunun yaye. Guda ɗaya tak za a buɗe, ko a Zongo ko a Yantala ta bakin gulbi. Tun ranar da Yelwa ta ji, ta ƙudurta a ranta cewa gidan nan a Zongo zai zauna, ko da a ka za ta ɗauko shi.

Kafin a zaɓa, sai an yi bincike. Wanda aka ɗora wa aikin wani saurayin lokotoro ne, wato likita, mai suna Abdulaye, Bazabarme, siriri, da tabarau, bai daɗe da dawowa daga karatu a Dakar ba. A ƙofar gidan mai unguwa aka tara mutane don ya yi bayani. Bai gama sallama ba Yelwa ta ji harshensa, ta tafa hannu.

"A'a! Yau ga abin kallo. Bawana ya tafi Dakar ya dawo da ido huɗu."

Mai unguwa ya rasa inda zai sa kansa. Lokotoro kuwa ya sauke tabarau, ya dubi zanen fuskarta, ya ce, "Wa ya kwance Bagobira da rana tsaka? Inna, wannan yakushi na fuskarki, kyanwa kika yi wa satar nono?"

Wuri ya ɗauki dariya. Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne tun kaka da kakanni, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba fushi ba ƙara. Daga ranar ba ta sake kiransa da wani suna ba sai bawana, shi kuma yana ce mata Inna in yana neman wani abu, baiwata in ya samu.

Bayaninsa ba shi da wuya. Yana so ya san abin da ake ci a gida arba'in na Zongo, wani ma'aikacin kuma zai yi irin haka a Yantala. Mataimakinsa, Mushe Idrisa, wato Malam Idrisa a bakin masu Faransanci, zai riƙa shiga gida biyu kowace safiya da ma'auni da kaye, wato littafin rubutu, ya auna duk abin da zai shiga tukunya a ranar, ya rubuta. Tun da namiji baƙo ba ya faɗa wa gidan mutane kai tsaye, ana neman mace da za ta riƙa yi masa iso. Kowa ya juya ya dubi Yelwa.

"Abu ɗaya nake roƙo, Inna," in ji lokotoro. "Kada a sake komai. Abin da aka saba ci, shi za a nuna."

Yelwa ta ce, "To."

Wanda ya san Yelwa ya san wannan "to" ɗin. Ita ta ga zamanin Nasara da idonta. Ta ga duba-gari yana shiga gidaje, gidan da ya tarar tsaf ya yaba, wanda ya tarar a hargitse ya ci masa mutunci. Ta ga inda aka kafa famfo na farko, kuma ba a unguwar masu jan ruwa da guga ba ne, a unguwar ma'aikatan biro ne, masu zaman ofis. Abin da rayuwa ta koya mata shi ne hukuma mai shi take ƙara wa. To yanzu a ce gwamnati ta aiko a duba wace unguwa ta cancanci gidan awo, sai Zongo ta fito da garin kuka da gishiri? Ai Yantala ta cinye ke nan. Ban da haka ma, wace mace ce baƙo zai shigo gidanta, baƙon ma mai rubutu, ta kwance masa zanenta a kasuwa?

Da la'asar ta tara matan gidajen a tsakar gidanta, aka tsara aiki kamar za a aurar da ƴar sarki. Illo mahauci, wanda Yelwa ta karɓi haihuwar ƴaƴansa shida, ya yarda zai riƙa ba da aron cinyar rago kowace safiya, da sharaɗin ta dawo kafin azahar ta hau wuta. Wata mai hali ta ba da ƙwaryar shinkafa da kwalbar man gyaɗa. Sa'adatu, matar wani direban kamyo, babbar motar kaya, da kan yi makonni a hanyar Faraku, ba ta da komai sai zabuwa ɗaya, ta ce ga ta.

Mushe Idrisa mutumin Damagaram ne, mai kaki da guga, alƙalami a bayan kunne. Aƙidarsa ɗaya ce a duniya, kuma yakan faɗe ta sau uku kafin hantsi: ma'auni ba ya ƙarya. Gaskiyarsa kuwa. Duk tsawon aikin nan ma'aunin bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba.

Gidan farko aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, aka ɗora kujera a kai, aka kawo fura mai sanyi. Matar gida ta fito da hatsi ya auna, ta fito da shinkafa da mai ya auna, ta fito da cinyar rago ya auna. Sai ta ce, "Af, na manta, akwai zabuwar da za a yanka wa maigida da yamma." Ya auna zabuwa da ranta, ya cire nauyin gashi da kayan ciki kamar yadda aka koya masa, ya rubuta.

Suna fitowa, Yelwa ta tsayar da shi a bakin hanya. Sai ya gaida limami. Sai ya gaida wata tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda gaisuwarta ba ta ƙarewa sai ta tambayi lafiyar mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama, cinya da shinkafa da mai da zabuwa sun bi ta bayan gida, daga wannan darni zuwa wancan, hannu da hannu, sun riga shi isa gida na biyu. A can ma ga tabarma, ga kujera, ga fura.

Haka aka yi ta yi kusan wata guda. Kowane gida sai sun cika wa Idrisa ciki, ko da su za su kwana da ruwa, domin baƙo ba ya fita da yunwa. Kowane gida kuma sai sun watsa wa zabuwa tsaba don ta yi shiru. Cikin watan nan rai biyu ne suka yi ƙiba a Zongo: Mushe Idrisa da zabuwar Sa'adatu.

Sau ɗaya asiri ya so tonuwa. A gida na goma sha bakwai, Idrisa ya tsura wa zabuwa ido, ya ce, "Inna, wannan zabuwa kamar na santa."

"Mushe, duk zabin duniya tela ɗaya ya ɗinka musu riga. Mijina tela ne, na san zancen."

Zuwa gida na talatin, zabuwa ta riga ta gane aikinta. Da an ajiye ma'auni sai ta taka da kanta ta hau, ta tsaya cak har allura ta natsu. Idrisa ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Mulkin kai ya yi rana, har zabin Zongo sun waye."

Da aka rufe gida na arba'in, mata suka yi guɗa. Yelwa har ta fara zagaya unguwa tana duba inda ya dace a kafa gidan awo.

Bayan mako uku, da hantsi, sai ga lokotoro a gidanta. Bai tsokane ta ba, ita ma da ta ga fuskarsa ta haɗiye tata tsokanar. Ya zauna bakin tabarma, ya ɗora takardu a gwiwa.

"Inna, na zo in gaya miki da bakina kafin ki ji a wani wuri. Gidan awo Yantala za shi."

Ludayin da ke hannunta ya tsaya. "Yantala? Mi suka nuna da ba mu nuna ba?"

"Yunwa suka nuna. Ku kuwa, bisa lissafina, mutumin Zongo ya fi minista cin nama. Na haɗa, na raba, na sake haɗawa, haka yake fitowa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na auna damtsen yaran gidajen nan da hannuna, kuma rabinsu ramammu ne. Yaro yana cin nama kullum yana ramewa! Na duba littattafaina duka, babu irin wannan cuta. Ina jin wani abu ne sabo da ke cinye abincin a cikinsu. Har na fara rubuta wa malamaina na Dakar, zan ɗebi jini in aika a duba. Amma madara kam sai a kai ta inda abinci ya yi ƙaranci."

Yelwa ta ajiye ludayin. "Tsaya, bawana. Wai mai yunwa ake ba?"

"To wa za a ba, Inna?"

"Tun yaushe gwamnati ta fara haka?"

"Tun da ta zama tamu. Ko in ce, haka muke so ta zama." Ya tattara takardunsa. "Ranar Litinin zan miƙa rahoto."

Ranar Alhamis ce. Yana fita, Yelwa ta zauna a inda take, har furar da take damawa ta yi tsami. Da hannunta ta ɗauki gidan awo ta kai wa Yantala. Kuma gyaran ba nata ba ne ita kaɗai, domin in ta buɗe baki, asirin gida arba'in ta buɗe.

Ta sake tara matan. Wannan karon ba guɗa. Da ta gama bayani, tsakar gida ta kaure.

"Mu je mu ce wa ɗan mutane ƙarya muka yi?"

"Ƙaryar ma da sauƙi. Mu ce masa ba mu da shi? A rubuta a takarda, a kai biro, kowa ya karanta cewa gidan wane ba a ɗora tukunya sau biyu?"

"In maigidana ya ji, sai dai in kwana gidanku, Inna."

"Ke dai Yelwa, ke kika ɗaura, ke za ki kwance."

"Na ji, ni na ɗaura," in ji Yelwa. "Amma igiyar kowa ta kawo tata."

Ana cikin haka Sa'adatu ta miƙe. Ba mai yawan magana ba ce, sai da aka ce a saurara. Ta kwanto goyonta, ɗiyarta Salmu da aka yaye wata huɗu da suka wuce, ta juyo da ita gaban mutane. Gashin yarinyar ya fara ja.

"Inna, ni dai a rubuta nawa," ta ce. "Na yi ta rufa asiri, ga abin da na rufe."

Matan suka tsura wa yarinyar ido. Can wata ta ce a dai roƙi lokotoro kada ya sa sunan gida. Sauran suka ce haka ne.

Washegari da safe Yelwa ta saƙale zabuwa a hammata, ta bi titi har biron lokotoro. Mai gadi ya ce ba a shiga da dabba. Ta ce wannan ba dabba ba ce, ma'aikaciya ce, ta fi shi sanin aikin. Ta wuce.

Lokotoro yana zaune yana rubutu, Idrisa yana gefe yana goge ma'auni a ƙasa. Yelwa ta sauke zabuwa. Zabuwa ta dubi hagu, ta dubi dama, ta hango abin da ta sani, ta taka ta hau, ta tsaya cak.

Idrisa ya yi baya har alƙalami ya faɗo daga kunnensa. "Ita ce! Wallahi ita ce! Na ce na santa!"

"Ga sabuwar cutarka nan, bawana," in ji Yelwa. "Ɗebi jininta ka aika Dakar."

Ta zauna ta warware musu komai, tun daga cinyar Illo har tsohuwa mai ciwon gwiwa. Lokotoro ya buɗe kayen Idrisa yana bi da yatsa. Ga nauyin nama a gidan safe da gidan hantsi, kullum daidai wa daida. Ga nauyin zabuwa yana hawa a hankali tun daga gida na ɗaya har na arba'in. Ya fara dariya, ya cire tabarau, ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago, idonsa da hawaye, amma muryarsa ta sauya.

"Inna, aikin wata biyu kika zubar mini. Saura kaɗan in tsaya gaban malamaina in ba da labarin cutar da babu ita. Na roƙe ki kada a sake komai."

"Ka roƙa. Amma laifinka ne."

"Nawa?"

"Naka mana. Wa ya ce ka aiko baƙo? Kai a gidanku, in baƙo ya sauka, abin da kuka saba ci uwarka take ba shi? Ko da ban haɗa kowa ba, kowace mace sai ta ranto abin da za ta fita kunya. Ni dai na tsara abin ne don kada a wahala. Shekara nawa ka yi a Dakar ba a koya maka wannan ba?"

Lokotoro ya mayar da tabarau. Ya tuna gidansu. Ya ce a hankali, "Ke nan na Yantala ma sun ƙara."

"Sun ƙara mana. Ba su da Yelwa ne kawai."

"To yaya za a yi mutum ya ga tukunyar gaskiya?"

"Baƙunci kwana uku ne. Bayan nan ko sarki ne ya zama ɗan gida. Ka bar Mushe ya yi mako guda yana zuwa gida ɗaya. Kwana ukun farko ya ci abin da aka ba shi, ya yi godiya, kada ya rubuta komai. Ba mai iya aron cinya kwana bakwai, Illo ma ba zai yarda ba. Ranar da ka ga an daina shimfiɗa masa tabarma, ranar zai buɗe kaye."

Lokotoro ya jawo farar takarda ya shiga lissafi. In mako guda ne a kowane gida, ba za a iya arba'in ba. Gida biyu a mako, mako shida, gida goma sha biyu a Zongo, goma sha biyu a Yantala, don kada a zalunci kowa. Ya ce zai je ya roƙi shugabansa a ɗaga rahoto, ko da za a wanke shi tas. Sunan gida kuwa ba zai shiga takarda ba, kowane gida lamba za a ba shi.

"Madalla," in ji Yelwa. "Bari in zaɓo maka gidajen."

"Allah ya kiyaye. Ƙuri'a za a yi. Lamba arba'in cikin ƙwarya, mai unguwa ya rufe ido ya ɗebo goma sha biyu."

"Ba ka yarda da ni ba ke nan?"

"Baiwata, na yarda da ke a kan cibiya. A kan lissafi kuwa, ke da kika mai da zabuwa ɗaya arba'in?"

An wanke shi ɗin kuwa, amma an ba shi mako shidan. Aka yi ƙuri'a a gaban jama'a, lambar gidan Sa'adatu ta fito ta uku, kamar ƙwaryar ta ji abin da ta ce.

Abin ya tafi yadda Yelwa ta faɗa. A gidan Sa'adatu, ranar farko an ba Idrisa kujera da fura. Rana ta biyu kujera da ruwa. Rana ta uku kujerar ta koma gidan da aka aro ta, ya zauna a kan buhu. Rana ta huɗu yana shigowa ba wanda ya ɗaga kai, sai surukar Sa'adatu, tsohuwa mai faɗa, ta ce, "Kai, matsa can, ka tare mini rana. Ungo riƙe wannan." Ta ɗora masa Salmu a cinya. Ba a jima ba Salmu ta jiƙa masa kakin nan mai guga sharkaf, kuma ba wanda ya ba shi haƙuri.

Yelwa ta leƙo ta ga abin da ya faru, ta ce, "Barka, Mushe, ka zama ɗan gida. Buɗe kayenka."

Sa'adatu ta fito da abin da za a ci. Tiya ɗaya ta hatsi, baki tara. Garin kuka cikin tafin hannu, ɗan gishiri, daddawa guda. Ta tsaya. Idrisa ya jira a kawo saura, ya ga babu saura. Ya auna, ya rubuta, ranar bai ce komai game da ma'auni ba. Da aka sauke tuwo aka ɗebo masa nasa cikin na kowa, ya ci loma biyu, ya tura wa yara akushin.

Kafin mako shida su cika, kakin Idrisa ya koma yi masa yawa kamar da. Lissafi kuma ya fito da fuskar da ta dace da damtsen yara. Unguwannin biyu duk suna cikin ƙaranci, sai dai yaran da aka yaye suka rame sun fi yawa a Zongo. Hukuma ta yanke cewa gidan awo a Zongo zai zauna, kowace Alhamis kuma mota ta ɗauki ma'auni da madara ta kai Yantala. Yelwa ta ce dama haka ta tsara tun farko.

Lokotoro bai sami sabuwar cutarsa ba, amma ya sami abin rubutawa. A wani taron masana a Dakar ya karanta takarda a kan yadda mai bincike zai shiga gidan mutane ba tare da ya sauya tukunyarsu ba, da kwana ukun da ba a rubutu. Ya dawo ya nuna wa Yelwa inda ya sa sunanta. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya gwada tsawo. Ta ce me ya sa nasa yake sama da manyan baƙaƙe, nata yana ƙasa kamar kashin ƙuda? Ya ce ai a takardar masana bawa ne a sama.

Ɗaki biyu ne gidan awon, da rumfa a gaba, kusa da gidan mai unguwa. Aka ɗauki Yelwa aiki, aka ba ta farar riga wadda ta ƙi sawa sai a kan zanenta. Shekara goma sha ɗaya ta yi a wurin tana rataya jarirai a ma'auni, tana koya wa uwaye kunun hatsi da ƙuli-ƙuli, tana zagin duk uban da ya hana matarsa zuwa, har sai ya rako ta da kansa.

Salmu tana cikin waɗanda aka fara rubutawa. Makon farko allura ba ta motsa ba. Mako na biyu ma haka, Yelwa ta yini ba ta tsokani kowa ba. A mako na biyar, ranar Talata, rumfa cike da mata, Sa'adatu ta miƙa ta. Yelwa ta saka ta cikin wandon awo ta rataya, yarinya ta callara ƙara tana harbin iska. Idrisa ya duba allura, ya duba katin, ya sake duba allura, ya buɗe baki zai faɗi lamba da ƙarfi.

Yelwa ta toshe masa baki da tafin hannu. "Rubuta abinka, Mushe. Ba a faɗin nauyin ɗiyar mutane a bainar jama'a, baki yana kama yaro."

"To Inna, ya ake ciki?" in ji Sa'adatu.

Yelwa ta sauko da yarinyar, ta ɗaga ta sama da hannu biyu, ta yi kamar ƙugunta ya riƙe.

"Wayyo bayana! Tubarkalla. Karɓi abinki, Sa'a, ki nemi zane mai ƙwari. Wannan ta fi ƙarfin tsohuwa." Ta juya ga rumfa. "Saura wa? Ku matso, rana tana yi."